Labulen Ɗaki na Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a lungunmu na bakin kogi, bayan kasuwar Tewet, ya san takun Lamiat tun kafin ya san fuskarta. Ba ta tafiya irin ta mutane, kullum sai ka ce ta bar tukunya a kan wuta a wata unguwa. Ƙarfe biyar da rabi na safe za ka ji silifas ɗinta a kan katakon gadar lungu, fat-fat-fat, kafin ka ɗaga kai ta sha kwana. Mu da muka taso a bayanta Pi Lamiat muke ce mata, wato yaya. Yara da 'yan ofis kuwa Pa suke cewa, goggo kenan.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana riƙe da mabuɗin ɗaki guda, a hawa na biyu na ginin mataimakan Firaminista. Ku kun san yadda abin yake a nan: ba jam'iyyar da ke cin zaɓe ita kaɗai, sai an yi haɗaka, kuma kowace jam'iyya ta shigo sai an ba ta kujerar mataimaki ta rataya a wuya. Wata shekarar mataimaka huɗu, wata shekarar shida, har akwai lokacin da aka raba ɗakin taro da katako don a sami na bakwai. Amma Ɗaki na Ɗaya daban yake. Mai wannan ɗakin shi ke riƙe ƙasa idan Firaminista ya yi tafiya, saboda haka shi ake faɗa a kai.

Daga lardin Ang Tong ta zo tana da shekara ashirin da tara, da ɗa a goye, aka ɗauke ta kai shayi. Mutum ashirin da uku suka zauna a ɗakin nan a gabanta. Akwai wanda ya yi shekara huɗu, akwai wanda ya yi kwana goma sha tara bai ma san inda makunnin fanka yake ba. Ba ta karanta sharhin jarida, amma ta fi 'yan jarida sanin ranar da gwamnati za ta faɗi.

"Ki dubi kwandunan furanni," ta ce mini wata rana. "In mutum zai daɗe, sai kin ture su da ƙafa kafin ki kai ƙofa. Ranar da kika ga kwando biyu, ɗaya ma na surukinsa ne, to ki fara neman kwali."

Abin da ya haɗa ni da ita labule ne, don ni, Chit, ɗinki nake yi. Kowa da launin ranar da aka haife shi, da kuma launin da yake masa kambun baka, wanda ko a bakin hankici ba ya so ya gani. Manyan nan kuwa, duk digirorinsu na ƙasar waje, ba mai sa ƙafa a sabon ofis sai a sa'ar da aka zaɓa masa, kuma sai ɗakin ya dace da ranarsa. Lamiat tana da kabad mai hawa bakwai, kowane hawa da labulayen rana ɗaya, da shimfiɗar tebur da rigunan matashi. Ni na yi wa rabinsu kalmasa. Taƙamarta a duniya ɗaya ce: ba a taɓa sa ta ta sauke labulen da ta rataya ba.

Ba taƙama kawai ba ce. A ginin nan, in mai ɗaki ya ƙi jininka ba korarka ake yi ba. Sito ake tura ka, can bayan wurin ajiye motoci, inda ake jibge kujerun gwamnatocin da suka mutu. Wanda ritaya ta same shi a sama, ranar talatin ga Satumba, mai ɗaki da kansa zai zaunar da shi a kujera, ya zuba masa ruwa mai furen yasmin a hannu, ya rataya masa zaren furanni, ma'aikata su bi layi suna yin haka. Wanda ta same shi a sito kuwa, takarda masinja zai miƙa masa ta taga. Lamiat ta ga an yi wa abokiyarta haka, kan kofi ɗaya da ya zube a kan wata wasiƙa. Tun daga ranar ba ta ƙara zama a kujera da duka jikinta ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari saura mata mako shida ta cika shekara sittin ta yi ritaya, aka gama zaɓe, jam'iyyu biyar suka zauna rabon kujeru. Komai ya rabu sai Ɗaki na Ɗaya. Jam'iyyar Fitila ta ce na Dakta Wacharin ne, Jam'iyyar Garma ta ce in ba a ba Bunlom ba, to ta ɗauki 'yan majalisarta talatin da takwas ta koma wancan ɓangaren. Dakta ɗan Asabar ne, launinsa ruwan malmo, kore kuwa ko ganinsa ba ya so. Bunlom, takardarsa ta ce Laraba, kore ne nasa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana wannan ja-in-ja, ga damina tana zuba. Litinin aka ce Dakta ne, ta hau tsani ta rataya ruwan malmo. Laraba da hantsi aka ga motar Bunlom a gidan Firaminista, ta sauke ta rataya kore. Juma'a aka ce an ji Dakta yana tambayar faɗin teburin. Ta rame, ta bar cin abinci a zaune, sai ta tsaya a bakin ƙofata tana cusa gasasshiyar ayaba tana kallon talabijin ɗina ta gefen ido.

Mijinta Sawang, wanda ya yi ritaya daga tuƙin jirgin fito, yana kwance a ragarsa ta lilo yana jin komai.

"Ki rataya ɗaya a kowace taga mana," ya ce. "Ai haɗaka ce."

"Kai da ka yi shekara arba'in kana kai mutane wancan ƙetare kana dawo da su, me ka sani a kan zama wuri ɗaya?"

"Na san dai ban taɓa sake wa jirgi fenti don fasinja ba."

"Shi ya sa ba wanda ya zuba maka ruwa a hannu."

"Kogi guda na bari, Lamiat. Ruwan me zan nema?"

Ta yi tsaki ta wuce, ta manta ayabar a kan keken ɗinkina.

Ranar Litinin ta biyu aka sanar: Bunlom ne. Aka kuma tsayar da sa'ar shigarsa, Alhamis, ƙarfe tara da minti tara. Shugabar sashen kula da gini, Wilai, ta kira Lamiat. Wilai mace ce mai tsari, shekararta arba'in da 'yan kai, ba ta da mugunta, sai dai ba ta yarda da abin da ba a rubuta ba. Ta buga ranar haihuwar mutumin a wayarta, waya ta ce Laraba. Ta duba jadawalin launuka, ya ce ɗan Laraba kore ne nasa, rawaya na jawo masa goyon bayan manya, ruwan hoda kuwa shi ne masifarsa.

"Labule kore, Pa. Furanni rawaya, shimfiɗar tebur rawaya. Kada in ga ruwan hoda ko a murfin biro."

Ai shi ke nan, ya kamata hankalinta ya kwanta. Sai ma abin ya ƙaru. Talata da yamma ta faɗo ɗakin ɗinkina da jaridu uku a hammata, ta baje su a kan yadin mutane.

"Chit, dubi nan. Mene ne wannan a aljihunsa?"

"Hankici."

"Wane launi?"

"Ja ne da ya sha wanki, Pi."

"Idonki ne ya sha wanki. Dubi ƙyallen da aka ɗaura a madubin motarsa. Shi ma wankin ya sha?"

Na duba. Ruwan hoda ne, ba gardama. Riga kore, hular kamfen kore, allunan talla kore, amma duk wani ƙaramin abu da mutum ke zaɓa da hannunsa, ruwan hoda ne.

"Ɗan Laraba ba ya ɗaura wannan a mota," ta ce. "Sai in yana neman ya kwana a rami."

"To ki yi abin da aka ce miki mana. In an yi kuskure, na Wilai ne."

"Wilai ce za ta riƙe tire a gabansa? In ɗan Talata ne, ruwan hoda ne nasa, rawaya ce masifarsa, ni kuma na shimfiɗa masa ita a tebur. Ba zai tambayi wa ya ba da umarni ba. Cewa zai yi, wa ke kula da ɗakin nan?"

Washegari da rana mutanensa suka zo kawo kaya. Ta bi sawun direbansa har ɗakin cin abincin ma'aikata, wani tsoho mai suna Mek, baƙi, siriri, yana zaune shi kaɗai yana hararar kwanon taliya. Ta saya masa shayi mai ƙanƙara ta zauna a bakin benci.

"Pi Mek, miyar ba ta yi ba ko?"

"Mutanen birni sukari kuke ci da sunan miya."

"Gobe in kawo maka dakakken barkono na Ang Tong, ka yi kuka. Kun daɗe da maigida?"

"Tun yana tallan taki a kan babur. Ni nake riƙe buhun a baya."

"To ƙyallen nan na madubi, wa ya ɗaura?"

Ya ajiye cokali ya dube ta. "Uwarsa. Duk sabuwar mota ita ke ɗaurawa, har ta rasu. Yanzu ni nake yi."

"Amma ai ɗan Laraba ne."

"A ofishin gunduma dai." Ya kurɓi shayin. "Tsohuwa cewa take zakara bai yi cara ba aka yanke cibi, kin ga rana ba ta fito ba, Talata ba ta ƙare ba kenan a lissafin mutanen da. Ubansa kuma cewa yake gari ya waye tas, har ya ga kalar bangon maƙwabci. Shekara hamsin suna wannan faɗan. Ni ban kasance a wurin ba, ƙanwata."

"Shi fa, wanne yake bi?"

"Shi ɗan siyasa ne. A gaban uban kore, a gaban uwar ruwan hoda. Tutar jam'iyya kuma kore ce, wa zai buɗe baki?"

Ta je wa Wilai da maganar. Wilai ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya mata fuskar waya.

"Pa, ga takarda, ga hatimi. Ke kuma kin zo mini da zakara."

"Kafin a yi hatimi ai da zakara ake lissafi."

"In muka rataya ruwan hoda ya zama ɗan Laraba ne fa? A ranar farko, gaban 'yan jarida? Jam'iyyarsa za ta ce mutanen Dakta ne suka sa a yi masa baki. Saura miki wata ɗaya, Pa. Ki lallaɓa ki sauka lafiya."

Gaskiya ce Wilai ta faɗa, abin da ya hana Lamiat sukuni kenan. Da yamma ta yi ta zarya tsakanin ƙofarta da tawa har katakon gada ya gaji. Ta ɗauko tsintsiya ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Sawang ya leƙo daga raga.

"In kin gama da nan, akwai kogi, shi ma da datti."

Ta ci gaba da shararta. Can ta tsaya a kaina ta ce, "Labulen Talata ya yi shekara tara a ninke. Ƙasansa ɗaya ya warware. Ki zo da allura gobe, ƙarfe shida."

"Pi, kin yanke kenan?"

"Ban yanke ba. Ki dai zo da allura."

Na je. Mai gadi ya san ni, ya bar ni na shiga. Na same ta a kan tsani, koren labule a ƙasa kamar an yi shara a gonar ayaba. Na zauna a dandamali ina kalmasa, ita tana jan ɗaya gefen tana sa ƙugiyoyi, tana ce mini in yi sauri alhali ita ce ke hana ni. Ta kwashe furannin rawaya ta kai ɗaki na uku, ta ce mai can ɗan Litinin ne, rawaya ce tasa, ya gode. Ta sa mai furanni na bakin gada ya kawo bado ruwan hoda, ta nannaɗe ganyensa da hannunta. Ƙarfe takwas da rabi ɗakin ya koma kamar cikin gwaba.

Tara saura kwata Wilai ta shigo da takardu a ƙirji. Ta tsaya cak. Ba ta ɗaga murya ba.

"Pa, me na ce?"

"Kin ce kore."

"Minti nawa ake sauke wannan?"

"Arba'in, in da mai riƙe tsani."

Wilai ta dubi agogo. Daga ƙasa an fara jin ƙarar ƙofofin motoci. "To shi ke nan. Yau da rana ki kai mabuɗi ofishina. Mabuɗin sito yana jikin ƙusa."

Ni na laɓe a ɗakin shayi, ta tsagar ƙofa nake kallo. Bunlom ya tsaya a bakin ƙofa, wani na riƙe da agogo yana ƙirga masa daƙiƙu, sannan ya sa ƙafar dama. Gajere ne, mai kauri, da koren taye. A bayansa mutum sun kai talatin, duk da kore a jiki. Suka shigo suna dariya, dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ji sakatarensa yana cewa ƙasa-ƙasa, "Wannan aikin 'yan Fitila ne."

Bunlom ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya dubi taga ta farko, ya dubi ta biyu, ya taɓa bado da yatsa. Lamiat tana tsaye da tire, kofin yana ta kaɗawa a kan faranti, kowa na ji.

"Wa ke kula da ɗakin nan?"

"Ni ce, Tan Rong," ta ce, don haka ake kiran mai wannan kujera.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini, Tan Rong. Hankicinka na gani."

Ya sa hannu ya tura hankicin cikin aljihu kamar yaron da aka kama da alewa. Ya waiwaya ya hango Mek a bakin ƙofa yana nazarin silin.

"Tan Rong, yanzu za a sauke," in ji sakatare.

"Ka taɓa ganin an sauke labule a kan mutum yana zaune?" Ya ja kujera ya zauna. "In 'yan jarida sun tambaya, ka ce haɗaka muke, ba ma ƙyamar launin kowa. Pa, shayin nan nawa ne ko na farantin?"

Da rana ba wanda ya nemi mabuɗi. Wilai ta wuce ta a matakala ta ce, "Da kin faɗi fa?" Lamiat ta ce, "Da ina sito." Suka bar shi a nan.

Kuna tsammani daga nan ta huta? Kwana uku ta yi tana cin abinci a zaune. A na huɗu ta fara ƙirga kwandunan furanni. Mako na biyu sun ragu. Mako na uku aka fara rigima kan kasafin madatsun ruwa, Garma na ja, Fitila na ja. Ta koma tsayuwa a ƙofata.

"Ya kai talatin ga wata kawai," take cewa. "Bayan nan su cinye junansu."

Bai kai ba. Ashirin da takwas ga wata Jam'iyyar Garma ta fice daga gwamnati, Bunlom ya ajiye aiki ta talabijin, ko ɗakin bai koma ba. Ranar talatin ta zo, ɗakuna biyar suna da masu su, ana ta bikin sallamar ma'aikata, Ɗaki na Ɗaya kuwa ba kowa. Ba mai ɗaki, ba mai zuba ruwa. Wilai ta ce ta sauko ɗaki na uku a haɗa ta da na can, ta ce a'a, ba ta yi wa ɗaki na uku aiki ba.

Ta kira ni in taya ta ninke labule. Muna cikin yi, ita a kan tsani, sai muka ji ana gardama a matakala. Mek ne ya fara shigowa da kwali. A bayansa Bunlom, da riga mai gajeren hannu, da katin baƙi a maƙale a aljihu.

"Wata ɗaya da ya wuce masu gadin nan suna sara mini," ya ce, "yau sun karɓe mini katin shaida a ƙofa. Pa, na bar tabarau a aljihun tebur."

Ta sauko ta ɗauko masa. Ya dubi tagar da ta rage da labule.

"Ba ki jira ko kujerar ta huce ba."

"Yau ce ranata ta ƙarshe, Tan Rong. Ba na so in bar wa wata aiki."

"Tan Rong ya tafi shekaranjiya." Ya juya wajen Mek. "Yau talatin ko? To ina masu zuba ruwa?"

"Ɗaki ba mai shi," in ji Mek.

"An naɗa wani?"

"Suna faɗa tukuna."

"To har yanzu warin man gashina ne a kujerar nan. Pa, zauna."

Ta ce ba ta zama a wannan kujera. Ya ce to ya zama umarninsa na farko da na ƙarshe da aka bi a ginin nan. Ta zauna a baki-baki, kamar kullum. Babu kwanon azurfa na zuba ruwa, duk an kwashe zuwa sauran ɗakuna, sai butar shayi. Mek ya tsinke ganyen badon da ya fara yaushi ya zuba a ciki. Ana neman abin tarar ruwa sai ga Wilai, wadda mai gadi ya kira don ta zo ta ga baƙon da ya ƙi tsayawa a ƙasa. Ta dubi abin da ake ciki, ta ajiye takardunta a ƙasa, ta ɗauko tiren Lamiat ta durƙusa ta tara.

Ya zuba a hankali, ya yi mata addu'ar lafiya da tsawon kwana irin ta mutanen ƙauye, mai tsawo. Mek ya zuba, Wilai ta zuba, ni ma na zuba. Lamiat ba ta yi kuka ba. Na dai ga bayanta ya taɓa jikin kujera, abin da ban taɓa gani ba.

Bai fi minti ɗaya ba ta miƙe, hannu na ɗiga, ta ciro mabuɗi daga ƙugu ta miƙa wa Wilai.

"In sun gama faɗan, wa kike ji zai shigo?"

"Dakta, ina ji. Asabar."

"Asabar a takarda," in ji Lamiat. "Ki nemi direbansa ki tambaya ƙarfe nawa."

Yanzu tana gida. Ƙarfe biyar da rabi har yau ana jin silifas ɗinta a kan gada, sai dai kasuwa take zuwa ta dawo. Labulen gidansu kuwa ta sauya shi sau uku tun Oktoba, don ta gano uwar Sawang ma ba ta da tabbacin ƙarfe nawa ta haife shi.